Shugabannin Amurka da Tukubar Mijina

Ni dai ban taɓa zuwa Amurka ba, ban ma taɓa marmarin zuwa ba, amma shugabanninta huɗu na san su ciki da bai, don a tsakar gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda suka yi mulkinsu. Yayana ne ya riƙa kwaso mana su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake kwaso mura lokacin aikin hajji. Na ukunsu ne ya ci mini tukubar mijina, wurin gashin tsirensa da ke kusa da kasuwar Bab Sharif. Na tsufa yanzu, na yafe abubuwa da yawa, amma wannan har yau ban manta ba.

Mu a Jidda aka haife mu. Kakanmu ne ya zo hajji a ƙasa, ya sauke farali, ya yi zamansa. Sana'ar gidanmu tsire ce, mutanen gari ma da ita suka san mu. Mahaifinmu a bakin wuta ya ƙare rayuwarsa, mijin da aka ba ni shi ma mai tsire ne. Yaya ne kaɗai ya ce hayaƙi na sa masa ciwon ido. Ya koyi tuƙi, ya sami aiki wajen wani Ba'amurke injiniya da ke kai da komo a tashar jiragen ruwa. Mutumin nan Allah ya zuba masa surutu. Kullum a mota sai ya zazzage wa Yaya labarin shugaban ƙasarsu da guntun Larabcinsa, Yaya kuma ya dawo gida ya zazzage mana, har da ƙarin gishiri.

Na farkon da aka kawo mana wani tsohon janar ne, a lokacin ina budurwa a gida. Yaya ya ce wannan shugaba ya tsara ofishinsa kamar barikin soja, kowa da aikinsa, shi kuwa sai ya tafi fili ya riƙa buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ya ce babban mutum ba ya aiki da hannunsa, da kai yake yi. Tun daga ranar Yaya ya daina ɗaukar ko butar alwalarsa. Ya raba mana muƙamai. Matarsa ta zama mai kula da harkokin cikin gida, sai ka ce da can a waje take kwana. Ni aka ba ni harkokin waje, ma'ana ni ake aikawa gidan maƙwabta aron turmi. Shi kuma ya tafi gahwa, wurin shan shayin maza, ya zauna yana buga domino. Mahaifiyarmu ta dube shi ta ce, "To shi janar ɗin naka ai an ce yaƙi ya ci kafin ya zauna. Kai me ka ci?" Muka yi dariya, abin ya wuce, don a lokacin wasan bai taɓa tukunyar kowa ba.

Masu tsire na Jidda suna da shaihunsu, kamar kowace sana'a. Shi baladiyya ta sani, wato hukumar gari. In ya ce kusurwa kaza ta wane ce, to ta wane ce, babu wata takarda da ta fi bakinsa. Wanda muka tashi muka tarar, Baba Shaihu, ɗan ƙaramin tsoho ne mai rawar murya. Ban taɓa jin ya tara mutane don a yanke magana ba. In rigima ta taso, sai ya ɗauki sandarsa ya bi gida gida. Ya sha shayi a nan, ya tambayi lafiyar jariri a can, ya yi wa wannan zancen tsadar rago, ya saki maganar a gefe kamar ba ita ta kawo shi ba. Kafin a zauna a taro an riga an gama. Wanda ya sha kaye ma shi ake ba wa baki ya faɗi hukuncin, ya fita kansa a sama kamar shi ya yi kyauta. Yaya yana kiran wannan ƙus-ƙus na mutanen da ba su waye ba.

Da Baba Shaihu ya rasu, dattawa suka rasa wanda za su ɗora. Gari na canzawa, baladiyya ta fara neman wanda zai iya tsayawa gaban tebur ya yi bayani, ga maganar iƙama, wato takardar izinin zama, ta fara damun mutane. Sai aka ce ai ɗan wane yana nan, ubansa mai tsire ne, yana shiga ofisoshi, har Turanci yana taɓawa. Kitse suka gani a jikin rogo. Abin dariyar shi ne, da ƙus-ƙus ɗin nan da yake rainawa aka naɗa Yaya shaihu, bai kuwa ce a'a ba.

Lokacin an yi sabon shugaba a Amurka, wani matashi kyakkyawa mai daɗin baki. Yaya ya aske gemu, ya fara taje suma, ya daina sa hula sai ranar Juma'a. Ya ce zamanin tsofaffi ya wuce, shugaba na gaske da magana yake tayar da jama'a, ya kuma kewaye kansa da matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa. Masu kaifin ƙwaƙwalwar nasa su ne abokan dominonsa. Duk taro sai ya miƙe tsaye ya yi jawabi yana sara iska da hannu, mutane suna zaune suna tunanin naman da suka bari a jiƙe. Mijina, Allah ya jiƙansa, mutum ne marar yawan magana. Ya kan dawo ya ce mini, "Yayanki ya yi huɗuba yau." In ce a kan me? Ya ce, "Wallahi ban kama ba, amma ta yi daɗi." Ranar da aka ji an harbe matashin nan, Yaya ya rufe kansa a ɗaki ya ƙi cin abinci. Mutumin da ranar jana'izar mahaifinmu ya share kwanon shinkafa.

Sai na ukun ya hau, wani dogo mai manyan kunnuwa. Yaya ya ce wannan ai shi ne maganin majalisa. In yana son abu, sai ya matso wa mutum har hancinsu ya kusa haɗuwa, ya riƙe masa kafaɗa ko wuyan riga, ba zai sake shi ba sai ya ce na yarda. Yaya gajere ne, to sai ya koma yin ɗage. Ba wanda ya tsira, har mai kawo mana ruwa a jaki.

A zamanin dogon nan ne mijina ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Ya bar ni da 'ya'ya uku, babbansu namiji ko kaciya ba a daɗe da yi masa ba. Ya kuma bar tukubarsa. Ba wani gini ba ne, tudun toka ne da ƙasa a kusurwar da tasi ke sauke mutane, inda 'yan dakon tashar jirgi ke bi in sun tashi aiki. Amma duk Balad, tsohon garin Jidda, babu wuri kamarsa, kuma da shi muke ci. Al'adar masu tsire a nan sananniya ce: in mai tukuba ya rasu ya bar ƙanana, tukubar ta marayu ce. A sa wani ya riƙa gashi, ya ci su ci, har ɗan mamacin ya isa riƙe wuƙa. Abin da ake jira kawai shaihu ya tabbatar.

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baffa. Allah ya ba shi 'ya'ya mata rututu, ya aurar da su kusan duka a cikin sana'a. In ka ware surukansa da waɗanda shi ya koya musu yankan nama, ragowar masu tsire ba za su cika tasi ɗaya ba. Namiji ɗaya gare shi, ɗan lele, ya girma ba shi da wurin kansa. Ina cikin takaba matar Baffa ta zo gaisuwa, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce ai kusurwar nan bai kamata ta huce ba, ga yaronsu nan yana zaune. Na gane hannunka mai sanda ne. Ban ji haushi ba. Na san yadda Baba Shaihu zai yi da ita: ya je ya sha shayin Baffa, ya roƙe shi alfarmar ya ba da ɗansa ya riƙe wa marayu tukubar ubansu. Baffa ya sami girma, ɗansa ya sami wurin tsayawa, 'ya'yana su sami abinsu in sun girma.

Da na fita takaba Yaya ya zo, na shimfiɗa masa tabarma, na faɗa masa haka dalla-dalla.

Ya girgiza kai ya ce, "Auta, wannan ƙus-ƙus ne. Ke ƙanwata ce, in na yi haka za a ce na yi son kai. A gaban jama'a za a kai maganar, kowa ya ɗaga hannu, a ƙirga. Haka ake yi a majalisar Amurka. Gaskiya na wajenki, kowa ya sani. Ki ci a sarari ya fi."

Na ce, "Yaya, su wa za su ɗaga hannun? Mutanen da ko ruwa ba sa iya sha a gaban Baffa? Akwai wanda in ya hango shi a lungu sai ya canza hanya don kunya. Shi kake so ya ɗaga hannu a kan ɗansa, yana kallo?"

Ya ce, "Ki bar ni da Baffa. Na san yadda ake lanƙwasa irinsu."

Na ce, "Don girman Allah ka je gidansa ka zauna ƙasa. Abincin 'ya'yana ne, ba domino ba."

Ya ce, "Halas, na gama magana." Ya shanye shayinsa ya tashi.

Lanƙwasawar da ya yi, a gahwa ya yi ta, da rana tsaka, gaban kowa. Matar maƙwabcinmu ce ta kawo mini labari, hannunta a ka. Wai Yaya ya tarar da Baffa yana zaune da mutane, ya matsa masa, ya yi ɗage, ya cafki wuyan rigarsa, ya kawo fuska dab da tasa yana ce masa dole ya janye. Tsohon da ya yi wa mahaifinmu wankan gawa. Baffa ya sa hannu ya cire yatsun Yaya daga rigarsa, ya gyara wuyanta, ya ce a kai gaban jama'ar. Da na ji haka na san an gama da ni. Da can aron wuri yake nema wa ɗansa, yanzu kuwa mutuncinsa yake nema, kuma da tukubar mijina za a biya shi.

Aka yi taron bayan la'asar a filin da ke jikin masallacin unguwa. Mata ba sa zuwa, amma gidan ƙawata na jikin filin, katangar kuwa ta katako ce da langa-langa, duk ɓula. Na tsuguna na sa ido. Yaya ya sa kwat a kan jallabiya, cikin zafin nan na Jidda, gumi na bin wuyansa. Ya yi jawabi a kan 'yanci da muryar jama'a har inuwa ta juya. Sannan ya ce, "Yalla. Wanda ya yarda tukuba ta zauna wa marayu, ya ɗaga hannu."

Baffa yana zaune a sahun gaba. Juyowa kawai ya yi a hankali, ya jingina da sandarsa, ya dubi mutanen da ke bayansa. Na ga manyan maza, masu gemu, masu kayar da rago su kaɗai, sun sunkuyar da kai suna wasa da tsakuwa. Wani ya tuna takalminsa na buƙatar dubawa. Aminin mijina, wanda ya sa shi a kabari da hannunsa, yana auren 'yar Baffa ta tsakiya. Na ga hannunsa ya taso daga kan gwiwa, ya kai ƙirji, sai ya zarce ya sosa kunne. Mutum ɗaya ne ya ɗaga sosai, wani Bahaushen Sudan da bai daɗe da zuwa ba, ba ya auren 'yar kowa. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya ga shi kaɗai ne, ya sauke a hankali.

Ina kallon Yaya ta ɓular nan, ina cewa a raina ko shi ya ɗaga nasa mana. Hannayensa biyu suna cikin aljihun kwat. Daga baya ya ce mini wai shugaba ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki.

Da aka zo kan ɗan Baffa, tsohon ya ɗaga hannunsa, bai ko waiga ba. Sauran suka bi, wani rabi, wani yatsa kawai, kowa idonsa a ƙasa kamar masu rakiyar gawa. Yaya ya bi su yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya gama ya ce jama'a ta yi hukunci, tukuba ta zama ta ɗan Baffa, mallaka, ba riƙo ba. Ban yi kuka a wurin ba. Ƙawata ce ta ɗaga ni ta raka ni gida.

Kafin magariba gidana ya cika da kwanoni. Duk wanda ya sunkuyar da kai a filin nan ya aiko matarsa da abinci. Wannan ta ce, "Ya ce wallahi zuciyarsa na tare da ke." Waccan ta ce, "Ya ce da a ɗaki aka tambaye shi, da ba haka ba." 'Ya'yan Baffa ne fa da kansu, suna kuka ina kuka. Ban riƙe su a rai ba, ban riƙe mazajensu ba. Ba za ka ce wa mutum ya mari surukinsa a kasuwa ba, sannan ka kira shi matsoraci don ya ƙi. Shinkafar ta yi mana kwana biyu, ta ƙare.

Abin da ya rage mini shi ne yaji. Ni nake daka wa mijina tun farko, na san haɗinsa. Sai na koma daka ina sayar wa masu tsire, a turmin da a dā nake zuwa aro. Babban mai sayena ɗan Baffa ne, don mutanen kusurwar nan sun saba da ɗanɗanon, in ya canza sai su tsuke fuska. Haka na raini 'ya'yana, ina daka yajin da ake barbaɗawa a tukubar ubansu. Ɗana da ya girma bai riƙe wuƙa ba, dako ya shiga a tashar jirgi, kullum ta kusurwar yake wucewa.

Wata rana ina daka, rediyo na gefena, aka yi wani shiri da Hausa a kan dogon nan bayan ya sauka. Na ajiye taɓarya na saurara. Ashe mutumin ba ya kai magana majalisa sai ya bi 'yan majalisar ɗaya ɗaya tukuna. Ya san abin da kowa ke so da abin da yake tsoro, ya lallashi wannan, ya yi wa wancan alkawari. Kafin a ɗaga hannu ya riga ya san yadda za ta kaya. Na ce ikon Allah, ashe Baba Shaihu ne da kwat. Duk aikin da ke ciki Yaya ya bar shi a mota, wuyan riga kawai ya ɗauko mana.

Na huɗun ba sai na ja zance ba. Wani mai ɗaure fuska ne da ba ya yarda da kowa, an ce har maganar baƙinsa yake naɗewa a ɓoye. Yaya ya sayi rikoda, ya riƙa tura ta ƙarƙashin matashi in dattawa sun zo. Rannan kaset ya ƙare, na'urar ta yi ƙara ana tsakiyar magana. Daga nan mutane suka ɗauke ƙafa. Da aka ji na Amurka ya ajiye mulki da kansa, Yaya ma ya tara jama'a ya ce zai sauka, yana jiran a riƙe masa riga. Ya ce wanda ke son ya zauna ya ɗaga hannu. Wannan karon babu surukin kowa a gaba, kuma babu hannun da ya motsa.

Bayan haka ya kan zo gidana da hantsi ya zauna, don ba shi da wurin zuwa. Ba'amurken ya daɗe da komawa ƙasarsu. Yaya ya rame, gemun ya dawo fari. Ina daka yana kallo, ina ba shi shayi, ɗan'uwa ai ba a canza shi. Maganar tukuba ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba. Rannan dai na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, a duk shugabannin nan naka, babu ko ɗaya da in abu ya ɓaci yake cewa laifina ne?"

Ya juya finjalin hannunsa. Can ya ce, "Akwai. Wanda janar ya gada. Wani mai tabarau, an ce dā kantin riguna gare shi. Shi duk abin da ya faru a mulkinsa ba ya tura wa kowa, a kansa yake ɗauka."

Na ce, "To shi me ya hana ka kwaikwaya?"

Ya ce, "Ai lokacinsa ban fara tuƙi ba."

Na dube shi, na ga da gaskiyarsa yake faɗa. Na tsaya ko zai ƙara wani abu, ko kalma ɗaya. Ya miƙo finjali a ƙara masa shayi. Na ƙara masa, na ɗauki taɓarya, don ɗan Baffa yana jiran yajinsa kafin la'asar.